Ranar 15 ga Janairu: Makokin Wa Za Mu Yi?

Kowace shekara idan ranar 15 ga watan Janairu ta kewayo, ƙasarmu takan tsaya ta tuna da mazan jiya. A Abuja shugaban ƙasa yakan ajiye furanni domin sojan da ba a san sunansa ba, a busa begila, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru. Gwamnoni kuma su yi makamancin haka a manyan biranen jihohi, har da Dutse. Kafin ranar akan yi addu'a ta musamman a masallacin Juma'a, a kuma yi sujada ta haɗin gwiwa a majami'a ran Lahadi. A dā ranar 11 ga Nuwamba ake wannan taro, bisa ga al'adar Ingila, domin a ranar ce aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1918. Daga baya aka mai da shi 15 ga Janairu, gama a wannan rana ce ta 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas, yaƙin basasa ya ƙare.

Amma ranar tana da wata fuska, wadda dattawan Arewa ba su manta ba. A daren 15 ga Janairu 1966 ne waɗansu matasan hafsoshi suka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a gidansa na Kaduna, suka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas, aka tsinci gawarsa bayan kwanaki. A wannan dare aka kashe Samuel Akintola a Ibadan, da Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Mohammed, da Laftanar Kanar James Pam ɗan ƙasar Jos, har da Laftanar Kanar Arthur Unegbe wanda shi Ibo ne. Ashe ke nan, idan aka ce a yi shiru na minti ɗaya a filin taro, dattijon da ya fito daga Gwaram yana tuna Sardauna, tsohon sojan da ke kusa da shi yana tuna abokinsa da ruwan Kwara ya ci a ƙetaren Onitsha, mai shagon magani da ya zo daga Gabas kuwa yana tuna ƙanwarsa da yunwa ta kashe tana goye. Shirun ɗaya ne, makokin daban-daban. Tambayar da nake so mu duba ke nan: shin mutum yana iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da wanda ra'ayinsu ya saɓa, ya girmama shi, ya ji zafin rashinsa, ba tare da ya sayar da abin da shi kansa ya gaskata ba?

Bari mu sauko da tambayar gida, domin a sama tana da sauƙi. A ɗauka wata ƙungiyar ci gaban gari a Birnin Kudu ko a Gwaram, irin waɗanda ke gyaran rijiya da sayen magani da share maƙabarta, ta yanke shawarar karrama tsofaffin sojojin yankin. Aka rubuta sunaye. Sai wani ya miƙe ya ce, wane da kuka sa a na uku, ai shi ne ya tsare akwati wa ɗaya jam'iyyar a zaɓen da ya wuce, shi ya zagi ɗan takararmu a bainar jama'a. Idan muka yafa masa riga a gaban mutane, gobe za a ce mun koma bayansu. Wani kuma ya ce, ni ma ba na son taron gaba ɗaya, domin sojoji ne suka mulke mu da bulala shekara da shekaru. Duk wanda ya taɓa zama a irin waɗannan tarurruka ya san maganar ba baƙuwa ba ce. Kuma ba na so mu yi saurin kiran waɗannan mutum biyu marasa tausayi. Kowannensu yana da hujja, ta biyun ma tana da nauyi ƙwarai.

Ƙasar nan ta san ɗacin siyasa tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991. A zamanin NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, da NPC, an ɗaure mutane, an yi wa waɗansu bulala, an raba unguwanni saboda katin jam'iyya. A Jamhuriya ta Biyu kuwa rikicin ya shigo cikin ɗaki ɗaya: PRP ta Malam Aminu Kano ta dare gida biyu, Taɓo da Santsi. Gwamna Abubakar Rimi, wanda ya yi karatu a Birnin Kudu, shi ne jigon Santsi a Kano, Sule Lamido na Bamaina kuma yana tare da shi. Mutanen da suka sha ɗauri tare a zamanin NEPU suka daina gaisawa. A ranar 10 ga Yuli 1981 tarzoma ta tashi a Kano, aka kashe Dokta Bala Mohammed, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Waɗanda suka ga wannan zamani suna nan da rai a majalisun ƙofar gida, su ne kuma za su gaya maka cewa gabar da ta fi wuyar warkewa ita ce ta 'yan gida ɗaya. Yau sunayen jam'iyyu sun sāke, wayar hannu ta ƙara wa zagi sauri, amma ciwon shi ne na dā: da zarar an san inda mutum ya dangwala yatsa, sai a ɗauka an gama saninsa.

To, mene ne tausayi? Mutane da yawa suna gudunsa a fagen siyasa domin suna tsammani wanda ya tausaya wa abokin hamayya ya riga ya fara yarda da shi. Wannan kuskure ne, kuma rayuwarmu ta yau da kullum tana ƙaryata shi. Idan aka yi rasuwa a gidan maƙwabcinka, ba ka tambayar jam'iyyarsa kafin ka ɗauki makara ko ka zauna a tabarmar ta'aziyya. Ba ka sāke ra'ayinka a kan gwamna ba, shi ma bai sāke nasa ba, amma kwana uku ɗin nan rashinsa ya zama rashi a wurinka. Abin da tausayi ke nema ke nan: ka yarda cewa asarar wancan mutum asara ce ta gaske, mai nauyi kamar taka, ko da kana ganin hanyar da ya bi karkatacciya ce. Hukunci a kan ra'ayi yana nan a hannunka, lamirinka bai bar ka ka yar da shi ba. Abin da aka hana ka shi ne ka soke mutumin daga cikin waɗanda hawayensu ke da lissafi.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akan kawo karin maganar domin a ce kada wani ya sa baki a al'amarin da bai sani ba. Ni kuwa ina ganin wani darasi a cikinsa: tun da mai ɗaki ne kaɗai ya sani, kai da kake waje ba ka da hanyar sani sai ka tambaye shi, ka kuma yi haƙuri ka ji amsa har ƙarshe. Tausayin da bai fara da saurare ba, yawanci jin daɗin kai ne kawai.

Yanzu mu dubi tsohon sojan kansa. Wane ne shi? Kakanninsa a wannan aiki su ne samarin da Turawa suka kwasa daga ƙauyukan Arewa a Yaƙin Duniya na Biyu, aka haɗa su cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su dajin Bama su yaƙi Japanawa. Hausa ce harshen bariki a lokacin, saboda yawansu. Sunan Myohaung da Arakan da ke kan waɗansu barikokin Legas daga can aka samo su. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yuli 1967, sojan Nijeriya bai wuce kimanin mutum 10,000 ba. Kafin ya ƙare ya kai wajen 250,000. Wannan ƙari daga ina ya fito? Daga gonakin gero da dawa da gyaɗa, daga tashoshin mota da bakin kasuwa. Yaro ɗan shekara 18 ya bar fartanya, aka ba shi horo na 'yan makonni, aka ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa wurin da bai taɓa jin sunansa ba. Ba shi ya zauna a taron Aburi ba, ba shi ya zana iyakar jihohi 12 ba. Bayansu aka yi na Laberiya daga 1990, da na Saliyo, da waɗanda suke bin hanyar nan ta Kano zuwa Maiduguri, suna ratsa Birnin Kudu a cikin manyan motoci tun da rikicin Boko Haram ya tashi a 2009, waɗansunsu ba su komo ta hanyar ba.

Bashin da ke kanmu game da irin wannan mutum ya samo asali ne daga abu ɗaya: an sa jikinsa a wurin da harsashi ke bi, da sunan dukanmu, a lokacin da sauranmu muke kwance a gida. Bashin ya hau kanmu tun ranar, shekaru da yawa kafin a kafa jam'iyyar da yake yi wa kamfe a yau. Wanda ya ci bashin hatsi a bazara ba ya cewa ba zai biya ba domin mai hatsin ya koma wata jam'iyya da kaka. Saboda haka hujjar mutum na farko a taronmu, duk da zafin zagin da ya sha, ba ta tsaya ba. Yana da iko ya ƙi zaɓen wanda tsohon sojan yake so, ya yi masa gardama a majalisa har dare. Sunansa dai ba zai fita daga takarda ba.

Hujjar mutum na biyu ita ce mai wuya, kuma ba daidai ba ne a rufe ta da kiɗan badujala. Kakin soja bai wanke kowa ba. A Asaba, a watan Oktoba 1967, sojojin tarayya sun harbe ɗaruruwan maza farar hula. An yi Odi a 1999, an yi Zaki Biam a 2001, an yi Zariya a Disamba 2015. A Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, mutane da dama suka hallaka, rundunar kanta ta amsa cewa kuskurenta ne. Kusan shekara 29 sojoji suka yi suna mulkin ƙasar nan tsakanin 1966 da 1999. Wanda aka kashe masa uba a ɗaya daga cikin wuraren nan, idan ya ƙi zuwa fareti, kada kowa ya ce masa ba ya kishin ƙasa. Shi ma yana cikin waɗanda tausayi ya wajaba a kansu, watakila ma shi ne na gaba.

Duk da haka ina ganin girmama mazan jiya da faɗin gaskiya a kan laifin soja suna iya zama a ɗaki ɗaya, har ma kowanne yana bukatar ɗan'uwansa. Idan muka ce duk wanda ya sa kaki gwarzo ne, mun zalunci mutanen Asaba. Idan muka ce dukansu azzalumai ne, mun zalunci kurtun da ya raba abincinsa da yaran da ya tarar a daji, da wanda ya rasa ƙafa yana tsaron gada. Laifi na mai shi ne, a kira shi da sunansa, a kai shi gaban shari'a. Rigar da ƙungiya za ta yafa wa tsoho ba takardar wanke rundunar soja ba ce. Shaida ce cewa garin ya san abin da aka ɗora wa ɗansa, bai kuwa manta ba.

Tarihinmu yana da misalai da suka fi wannan tsanani. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda ya jagoranci harin gidan Sardauna, ya mutu a fagen daga kusa da Nsukka a Yuli 1967 yana ɓangaren Biyafara. Aka kawo gawarsa Kaduna, garin da aka haife shi, aka binne shi da girmamawar soja. Har yau akwai waɗanda wannan ke yi musu ciwo, ni kuwa ba zan ce su daina ji ba. Ban tabbata ma kowa zai iya kai zuciyarsa can ba. Amma a lura da abin da waɗanda suka binne shi suka yi: ba su ce abin da ya aikata daidai ne ba, suna cikin yaƙi da ɓangarensa a ranar. Sun dai ƙi su bar gawar abokin aikinsu a daji. Haka kuma Odumegwu Ojukwu, wanda aka haifa a Zungeru, wanda yake kwamandan Bataliya ta 5 a Kano a Janairu 1966 ya kuwa ƙi bin masu juyin mulkin, shi ne daga baya ya ja Gabas zuwa ɓallewa. Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa a 1982, ya dawo gida daga gudun hijira. A shekara ta 2000 Shugaba Olusegun Obasanjo, wanda ya jagoranci runduna a kansu, ya mai da korar da aka yi wa sojojin da suka yi wa Biyafara yaƙi ta zama ritaya. Da Ojukwu ya rasu, aka yi masa jana'izar soja a 2012. Shekara 30 aka ɗauka kafin maganar Gowon, cewa babu wanda ya ci babu wanda aka ci, ta isa ga takardar sallamar ƙaramin soja. Jinkirin abin kunya ne, amma an isa.

Idan ƙasa ta iya wannan da waɗanda suka ɗauki makami a kanta, ƙungiyar gari ba ta da uzurin kasa haƙuri da tsohon da laifinsa duka shi ne hular jam'iyya.

Akwai kuma baƙon da ke cikinmu. Mutanen Gabas suna kasuwanci a garuruwanmu, waɗansu an haife su nan, Hausarsu ta fi ta wasunmu daɗi. Iyayensu sun gudu daga Sabon Garin Kano da sauran garuruwan Arewa a 1966, bayan kashe-kashen Mayu da na Satumba da Oktoba, inda dubbai suka mutu. Bayan yaƙi da yawa sun dawo, waɗansu suka tarar maƙwabta sun riƙe musu gidajensu amana; wannan ma yana cikin tarihinmu, ya kamata yara su ji shi. Idan za a yi taron tunawa, a gayyace su, kada kuma a tsara jawabin kamar bikin cin nasara a kan iyayensu. Mai jawabi yana iya ambaton Sardauna da hawaye, ya kuma ambaci yaran da yunwa ta kashe a Gabas, harshensa ba zai karye ba. Wanda ya ji an ambaci mamacinsa a bakin wanda bai zata ba, yakan koma gida da wata zuciya.

Me ya sa na ce ƙungiya, ban ce gwamnati ba? Domin gwamnati kullum tana hannun wata jam'iyya, abin da ta yi kuma da wuya a raba shi da neman ƙuri'a. Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 1964, tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi, ƙa'idar shigarta kuwa aikin soja ne, babu ruwanta da kati. Kulob ɗin Rotary na farko a Nijeriya a Kano aka kafa shi a 1961, dokarsu kuma ta hana kulob goyon bayan ɗan takara. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejin Birnin Kudu, BIKOBA, ta tara mutanen da suka watsu cikin jam'iyyu daban-daban, abin da ya haɗa su shi ne aji ɗaya da kwanon abinci ɗaya. Irin waɗannan wurare sun yi ƙaranci, shi ya sa suke da tsada. Su ne ɗakunan da suka rage inda mutum zai zauna benci ɗaya da abokin hamayyarsa saboda wani aiki da ya fi su duka biyu.

Haɗarinsu kuwa sananne ne. Taro yana bukatar kuɗi: rumfa, kujeru, lasifika, shinkafa. Ɗan siyasa yana da kuɗi, yana kuma son hoto da tsofaffi masu lambobin yabo a ƙirji. Zai ba da gudummawa, sa'an nan yaransa su zo da fastoci, maroƙi ya kama kirari, kafin a ankara rabin gari ya ƙi zuwa, tsofaffin sojojin da aka tara domin su sun zama kayan ado a bayan mai girma. Ba na cewa a ƙi karɓar taimako. A karɓa daga kowane ɓangare, a karanta adadin a fili, a zaunar da masu bayarwa a sahu ɗaya, a kuma ba tsofaffin lasifika su yi magana da bakinsu. In ba za a iya wannan ba, gara ƙaramin taro a gindin bishiya da kuɗin karo-karo.

Ko taron ya yi kyau ma, yini ɗaya ne cikin 365. A 2024 da 2025 an ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suna neman haƙƙinsu. Waɗannan su ne masu ƙarfin zuwa Abuja. Na ƙauye fa, wanda idonsa ya dushe, takardar sallamarsa gara ta ci, ana kuma ce masa ya je tantancewa? Yana bukatar saurayi mai ilimi da zai cika masa fom, da mai mota da zai kai shi Dutse ko Kano, da wanda zai riƙe masa layi a asibitin tarayya na Birnin Kudu. Matar wanda ya faɗi a Borno tana bukatar wanda zai bi mata takardu, da kuɗin makarantar yara kafin haƙƙin ya fito. Mutanen Gwaram kuma sun san cewa ba soja kaɗai ke mutuwa a bakin aiki ba: a watan Afrilu 2014 'yan bindiga sun kai hari ofishin 'yan sandan garin, aka rasa rayuka, waɗannan ma sun bar iyali. Zumunci a ƙafa yake, in ji masu iya magana.

Saurayin da aka ɗauka yana da shekara 18 a 1967, yau ya haura 75, kowace hunturu kuma ana rage su. Ƙungiyar da ke son farawa ba ta bukatar jiran Janairu. Ta aika mutum biyu kowace mazaɓa, zai fi kyau su kasance 'yan jam'iyyu daban, su bi ta hannun dagatai da masu unguwa, daga Birnin Kudu har Sara da Basirka, su rubuta sunan kowane tsohon soja da kowace gwauruwar soja, da shekarar da ya shiga, da inda aka kai shi, da ko fanshonsa yana fitowa. Su zauna kuma su ji labarin, ko da tsohon ya ɗauki yini guda yana ba da shi.